Ƙofar da Alhaji Ummaru Ya Toshe

A ƙofar siton Alhaji Ummaru Maska aka ƙulla maganar, bayan kasuwar hatsi ta Funtuwa, ni kuma aka sa ni shaida don kawai ina zaune kusa. Shekarar da aka katse layin waya ce a yankinmu saboda matsalar tsaro. Kaka ta kawo kai, waken soya ya fara fashewa a gona, amma ba dillalin da ke iya kiran mai saye. In kana son jin muryar wani a Kudu, sai ka shiga mota har Zariya, inda sabis yake.

Alhaji Abdulmutallib, wanda muke ce wa Mutallib, shi ya kawo shawarar. A hannun Ummaru ya koyi dillanci, shi ya sa Yaya yake ce masa, ko da yake a lokacin ya riga ya fi shi mota da sutura.

"Yaya, mu raba aikin nan," in ji shi. "Kai manoma suka sani. Maska, Tsiga, Ƙarfi, in ka ce a kawo za a kawo. Ka tsaya ka tara kaya. Ni ina da mota, kuma ina ɗan taɓa boko. Zan riƙa zuwa Zariya ina duba mana saƙonni, nawa da naka, in kawo maka har ƙofa."

"Ka dai ce kana marmarin balangun Samaru."

"In na ci ai zan ƙunso maka, in haƙoran za su iya."

"Haƙoran nan su suka tauna maka dillanci ka haɗiya." Ummaru ya miƙa masa hannu. "Na yarda. Amma baƙon kowa nasa ne."

"Baƙon kowa nasa ne," in ji Mutallib, "sai wanda mai masaukinsa ya rufe wa ƙofa da kansa. Malam Salisu, ka shaida."

Na ce na shaida. Aka fasa goro.

Ba wanda ya ɗaga kai da jin wannan ƙarin da ya yi, don ba sabon abu ba ne. Haka muka tarar da al'adar. Mai saye in ya zo daga nesa, gidan dillali ɗaya yake sauka, shi ne mai masaukinsa. Shi zai ba shi ɗaki da tuwo, shi zai nemo masa kaya, shi zai tsaya masa in rigima ta tashi. Wani dillalin ko ruwa ba ya miƙa masa da niyyar ciniki. Hanyar da baƙo ke fita hannun mutum ita ce ya yi sallama a kore shi.

Baƙon da Ummaru ke taƙama da shi kuwa kowa ya san shi: Alhaji Zainulabidin, Bahaushen Ibadan, mai injin matse man waken soya. Ba Ummaru ne ya samo shi ba, gadonsa ya yi. Uban Zainulabidin a gidan uban Ummaru yake sauka tun ana fataucin gyaɗa da auduga. Akwai ɗaki a soron gidan da ba mai kwana ciki sai shi. Har butar tagullar tsohon tana nan rataye a ƙusa, ba a sauko da ita sai kaka, Hajiya Laraba matar Ummaru ta goge ta da toka da lemun tsami.

Abin da ya canza shi ne masu injinan Kudu sun daina sayen kaya da baki. Sai a rubuce, ta imel, kuma daga adireshin da ke ɗauke da sunan kamfani. Don haka tun kafin wannan shekarar Ummaru da Mutallib suka yi rajistar suna ɗaya, suka kama hayar na'urar da ke karɓar musu saƙonni, wadda ake ce wa saba. Kowa da akwatinsa a ciki. Mai kula musu da ita Malama Bushra ce, 'yar Tsiga, tana da shagon aikin kwamfuta a Samaru.

Aiki ya fara tafiya daidai. Sai ga Mutallib ya dawo da wani saƙo da ya shigo akwatin Ummaru, wai wani babban kamfani a Legas na son tirela guda da gaggawa, har da hoton shaidar banki cewa an turo kuɗi. Ummaru ya kira 'yan dako aka yi lodi, aka ja tamfol. Allah ya sa kafin direba ya tashi Ummaru ya ce bari ya leƙa banki da ƙafarsa. Ba abin da ya shigo. Haka aka sauke lodin nan buhu-buhu, kasuwa na kallo. Masu shayi suka samu abin yi. Wani har ya ce a tambayi Alhaji ko da ragowar kamfanin Legas a raba.

Ban ce Mutallib ne ya turo 'yan damfarar ba. Ban sani ba, kuma ba na zato. Amma mutum ne da ya san amfanin fushin wani.

Ummaru ya ce wannan karon da shi za a je Zariya. Ni ma na bi su, ina son kiran 'yata da ke aure a Kaduna.

Shagon Bushra ɗan ƙarami ne, fanka na kaɗa zafi. Ta ba mu kujeru, ta juyo da kwamfutar yadda za mu gani, ko da yake ni da Ummaru ganin banza ne, baƙin allo ne da ƙananan rubutu farare kamar an watsa gero.

"Baba," ta ce wa Ummaru, "kowane saƙo da gidan da ya taso. Mai aikowa na iya canza suna kullum, yau shi ne Alhaji wane, gobe kamfanin wane. Amma na'urar da ta turo saƙon, ita nake kira gida, tana da sunanta da lambarta, kuma sabarku na ganinsu tun kafin ta buɗe ƙofa. Na duba, waɗanda suka yi maka wannan abin da sauran irinsu duk gida ɗaya suke fitowa."

"Madalla. A toshe gidan."

"Ana iyawa. Sai dai gidan haya ne, Baba. Kamfanoni da yawa ke tura saƙo ta cikinsa don yana da araha, na kirki da na banza. Zan iya toshe sunayen da suka zo da su kaɗai."

"Gobe su zo da wasu?"

"Za su zo. Ko kuma in sa duk abin da ya fito daga gidan a tsare shi gefe guda, kada ya shiga akwati kada kuma a kore shi, sai an duba."

"Wa zai duba? Ni da aka duba mini har na yi lodi? 'Yata, mutumin kirki me ya kai shi haya da ɓarayi?"

Na tuna mutanen da na gani sun kwana a soron Ummaru cikin shekarun nan, malamai da 'yan caca, har da wani da 'yan sanda suka zo suka ɗauka da safe yana cikin shan koko. Amma mutum na cikin fushi, ban ce komai ba.

Ana haka aka kira azahar. Muka miƙe ni da Ummaru. Mutallib ya ce mu yi gaba yana tafe, bari ya sa wayarsa caji.

Da muka dawo muka tarar da shi zaune, fuska a sake.

"Yaya, na samo mana mafita. Kai suka sa wa ido, ba ni ba. A toshe gidan daga akwatinka kaɗai, a bar nawa a buɗe. In wani na kirki ya biyo ta can, wurina zai faɗo, in tace in kawo maka. Malama, ana iya haka ko?"

"Ana iyawa," in ji Bushra. "Sai in rubuta dokar ta hau kan akwati ɗaya."

Ummaru ya dafa kafaɗarsa. "Allah ya yi maka albarka. Ka ga amfanin boko."

Ta fara bugawa, sai ta tsaya. "Saura abu ɗaya. In saba ta ƙi karɓar saƙo, takan mayar wa mai shi da 'yar magana, don ya san bai isa ba. Wadda ke ciki cewa kawai take ba a karɓa ba. In bar ta haka?"

"A bar ta mana," in ji Ummaru.

"Haba Yaya," in ji Mutallib. "Mutanen da suka sa masu shayi suka yi maka waƙa, a sallame su da ladabi? Ni dai da ni ne, sai sun ji a jikinsu."

Na ga jijiyar wuyan Ummaru ta tashi. Ya gyara zama.

"Rubuta. Nan ba gidan ɓarayi ba ne. Ɓarawo, koma inda ka fito."

"Sa sunanka, Yaya, su san da wa suke yi."

"Ki sa, in ji Alhaji Ummaru Maska."

Bushra ta ɗaga hannu daga kan kwamfutar. "Baba, duk wanda ke gidan nan ya rubuto maka, wannan zai gani fa."

"Su gani."

Ta dubi Mutallib. Ya gyaɗa mata kai. Ta mayar da maganar Turanci, ta buga layi biyu ko uku, ta gwada, ta ce ta zauna. Duk abin bai kai shan kofin shayi ba.

A bakin shagon Ummaru ya kira Ibadan, tun da ga sabis. Ina jin sa yana dariya da ƙarfi yadda yake yi in yana waya.

"Ɗaki na nan, buta na nan! Hajiya ta ce bana ba za ka tafi ba sai ka yi ƙiba."

Zainulabidin ya ce masa in sun tsai da farashi yara za su turo masa oda ta imel, sannan shi ya biyo baya. Mutallib na tsaye gefe yana cinikin balangu. Ya kuwa ƙunso wa yayansa, kamar yadda ya yi alkawari.

Daga nan Ummaru ya shiga ƙauyuka. Mutum mai shekarunsa a bayan babur, hanyar Maska ta kakkarya masa baya, yau yana Tsiga gobe yana Ƙarfi, yana tsoma hannu cikin buhu, yana tauna wake ya ji ko ya bushe. Sito ya cika har bakin ƙofa. Hajiya Laraba ta sa aka share ɗakin soro, aka shanya katifa, aka goge buta.

Duk ranar da Mutallib ya dawo daga Zariya, nan ƙofar siton yake fara tsayawa.

"Ibadan fa?"

"Akwatinka babu komai daga Ibadan, Yaya."

Ni da nake zaune na ji wannan amsar ba sau ɗaya ba, kuma kullum da kalmomin nan take zuwa, ba ragi ba ƙari. Sai daga baya na gane an auna ta ne kamar yadda ake auna tiya.

Ummaru ya fara damuwa, ya ce ko ya bi shi Zariya ya kira. Mutallib ya ce ya bari, ai ya san mutanen Kudu, jira suke farashi ya faɗi, wanda ya fara kira shi ya nuna yana matse. Magana ce ta dillalai, kuma gaskiya ce. Ummaru ya zauna.

Wata safiya sai ga tireloli masu lambar Oyo a ƙofar siton Mutallib, 'yan dako na ta hawa da sauka. Ummaru ya leƙo ya gani, ya yi dariya.

"Direbobin Alhaji sun ɓata hanya. Taso, Malam Salisu, mu je mu karkato su."

Ba su ɓata hanya ba. A soron Mutallib muka tarar da Alhaji Zainulabidin zaune kan darduma, ga kwanon waina a gabansa, ga Mutallib tsaye yana zuba masa shayi.

Ummaru ya tsaya a bakin ƙofa. Ya yi ƙoƙarin mayar da abin wasa.

"Alhaji! Saukar yaushe? Tsufa ne ya fara taɓa ido har ka kasa gane gida?"

Zainulabidin bai tashi ba. Kan yatsu ya miƙo masa.

"Idona lafiya lau, Alhaji Ummaru. An ce ɓarawo ya koma inda ya fito. Ni kuwa kaya nake nema, sai na nemi inda za a karɓe ni."

"Wane ɓarawo?"

"Ɗana Murtala ya tura maka oda. Ta dawo. Akawuna ne ya fara karanta abin da ta dawo da shi, da ƙarfi, a gaban ma'aikata, don bai san me zai tarar ba. Murtala ya ce kuskure ne, ya sake turawa. Ta dawo da maganar nan dai, da sunanka a ƙasa. Na kira ka, ba layi. Sai na ce to a bar ciniki, a rubuta masa gaisuwa kawai, a tambayi jikin Hajiya." Ya ajiye kofin. "Ita ma ta dawo, Alhaji. Gaisuwar ma ɓarawo aka ce mata."

Ummaru ya matso kusa.

"Wallahi ba da kai nake ba. Da 'yan damfara nake."

"Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa, amma..."

"Ni ma ban yarda ba da farko. Na ce na'ura ce ta yi shirme. Murtala ya rubuta wa ƙaninka, nasa ya shiga lafiya lau. Shi ƙanin naka ya kira ni daga Zariya, na tambaye shi. Ya ce da kunnensa ya ji ka, har da sa suna."

Ummaru ya juya ya dubi Mutallib. Shi kuwa ko butar shayin bai ajiye ba.

"Tambayata ya yi, Yaya. In yi wa dattijo ƙarya?"

Ummaru ya juya. Ya fita ya bar takalminsa ƙafa ɗaya, ni na ɗauko masa.

Washegari muka shiga motar haya zuwa Samaru, mu biyu. Har lokacin yana nema wa Mutallib uzuri. A hanya yana ce mini wataƙila yaron bai san gidan ɗaya ba ne sai da abin ya faru, sannan kwaɗayi ya ja shi. Ya ce kwaɗayi ana yafe shi, kowa na da nasa.

Da ya gaya wa Bushra abin da ya faru, ta ɗora hannu a ka.

"Innalillahi. Baba, ai na faɗa! Da kuka tafi masallaci na sake dubawa, na ga mai injin man nan na Ibadan ta gidan yake turo saƙo. Na gaya wa Alhaji Mutallib. Ya ce ya sani. Kuma ya sani ɗin, don zuwansa na baya shi ya sa na duba masa. Ya ce kada in dame ka da shi kana cikin fushi, shi ya sa ma za a bar akwatinsa a buɗe."

"Zuwansa na baya," in ji Ummaru a hankali.

"Ni na ɗauka ku ɗaya ne, Baba. Suna ɗaya, saba ɗaya. Na ɗauka ko ta wane akwati ya shigo, gida ya shigo. Ban san baƙo na da mai shi ba."

"Ba laifinki. Kin ce a tsare a gefe, na ƙi."

Ta juya ga kwamfutar, ta nemo layin, ta goge.

"Na buɗe."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya tambaye ta ɓarayin fa, ko sun ji zagin. Ta duba, ta ce ai su tuni suka tashi daga wannan gidan, ba a jima da toshewar ba suka koma wani, haka suke yi. Tun daga ranar da aka sa dokar, saƙon Ibadan kaɗai ta kora.

Ummaru ya kai ƙara gaban dattawan dillalai. Aka zauna a rumfar da ake zama in irin wannan ta taso. Aka kira ni na faɗi abin da na shaida: sharaɗin da aka yi a ƙofar sito, da maganar da aka rubuta a Samaru, da wanda ya ce a rubuta. Na ƙara da abin da Bushra ta gaya mana, ban rage komai ba.

Mutallib bai musa ko ɗaya ba. Da aka tambaye shi ko ya san baƙon na cikin gidan, ya ce ya sani. Aka ce me ya hana shi faɗa. Ya ce Malama ta yi wa Yaya gargaɗi a gabansa har sau nawa, Yaya ya ce su gani, shi wane ne da zai tsallake maganar yayansa. Aka ce ya yi alkawarin in na kirki ya faɗo wurinsa zai kawo. Ya ce ya yi, amma wanda ya faɗo wurinsa korarre ne, kuma da bakinsa ya ce ba zai sake taka gidan da aka zage shi ba. Aka ce kullum yana cewa babu saƙo. Ya ce akwatin Yaya aka tambaye shi, kuma babu ɗin.

Babban cikin dattawan ya daɗe yana shafa gemu.

"Ummaru, mu ƙofa muka sani. Ta katako ce ko ta na'ura, ƙofa ce. Baƙo ya yi sallama?"

"Ya yi."

"Wa ya ce a rufe?"

"Ni."

"Zagin fa?"

"Ni. Amma turo ni aka yi, Baba, kamar yadda ake tura jaki rami."

"Mun gani. Duk wanda ke rumfar nan ya gani. Sai dai ba mu da hukuncin abin da mutum ya sani ya yi shiru. Wannan tsakaninsa da Allah ne. Baƙo ya fita hannunka."

Aka shafa fatiha. Mutane suka fara miƙewa. Mutallib ya zo ya durƙusa kusa da shi, yadda ya saba tun yana yaron sito.

"Yaya, kasuwa ce. Kada ka riƙe ni a zuci."

Ummaru ya dube shi, ba faɗa ba ɗaga murya.

"Abu ɗaya nake son sani. Ranar nan da ka ce mu yi gaba kana tafe, ka yi sallar kuwa?"

"Na yi, Yaya. A sahun baya."

"To Allah ya karɓa."

Kafin tirelolin su tashi Zainulabidin ya zo gidan Ummaru da la'asar. Labarin rumfa ya kai masa. Wannan karon da hannu biyu ya gaisa. Suka zauna a soro, ƙofar ɗakin nan a buɗe, ana hango katifa da sabon zanen gado.

"Na ji komai," in ji shi. "Na san an yi maka. Na yafe zagin, kai ma ka yafe mini abin da na faɗa."

"To ka dawo gida."

Zainulabidin ya sunkuyar da kai.

"Na riga na yi wa Mutallib alkawari a gaban 'ya'yana, kaya sun hau mota. Kuma ka san injin yanzu a hannun yara yake, ni suna kawai gare ni. Murtala ya ce shi da wanda zai rubuta wa ya amsa zai yi hulɗa. Ma'aikata kuma sun ji abin da suka ji, ba zan bi su ɗaya-ɗaya ina yi musu bayanin gidan haya ba." Ya ɗago kai. "Ka kuma yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ko ba da ni kake ba, gida guda ka zaga ba ka tambayi wa ke ciki ba. Kai da aka haifa a gidan baƙi."

Ummaru ya tashi ya shiga ɗakin, ya sauko da butar daga ƙusa, ya kawo. Tana ta ƙyalli.

"Ta mahaifinka ce."

"Haba Alhaji, bar ta nan. Nan ta saba."

"Inda kake sauka can ya kamata ta zauna."

Hajiya Laraba ta aiko da tuwo daga cikin gida, irin wanda Zainulabidin yake so, da miyar kuɓewa ɗanya. Ya ci loma biyu don kunya, ya wanke hannu, ya tafi da butarsa.

Daga baya an dawo da layin waya, kowa ya koma kiran kowa. Ummaru ya cire sunansa daga kamfanin, ya ce a rufe akwatinsa gaba ɗaya. Waken da ya tara ya sayar wa 'yan sari kaɗan-kaɗan. Manoman Ƙarfi da Tsiga ba su yi faɗa da shi ba, suna gaishe shi da girma har gobe, sai dai buhunansu inda tirela ke tsayawa suke zuwa.

Ɓarayin ba su rasa komai ba, ko zagin ma bai same su ba. Bushra ta rasa abokin hulɗa ɗaya, kuma an ce tun daga lokacin ba ta yarda ta rubuta wa kowa maganar kora sai wadda ta zo da na'urar. Zainulabidin na samun wakensa kamar da, ɗakin da yake kwana yanzu har da na'urar sanyaya ɗaki. Mutallib shi ya ci riba, kuma ba abin da ya same shi. Ya ƙara sito, ya sake mota, a masallacin Juma'a sahun gaba yake. In ya wuce ta ƙofar siton yakan sauke gilashi ya ce, "Yaya, barka da hutawa." Ummaru yakan ɗaga masa hannu.

Ummaru shi ya yi asara: baƙon ubansa, da yaron da ya rena. Ɗakin soro yanzu buhunan taki ne a ciki. Butar kuwa na gan ta kwanan baya a bakin famfon gidan Mutallib, ta yi baƙi, gefenta ya lotsa, direbobi na alwala da ita. Ban gaya wa Ummaru ba.